Garkar Makaranta, Rumbun Irin Tumatir na Gado

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi abubuwa uku da kowa ya sani: yaro, garka da tumatir. Muna so mu nuna yadda ƴar garka a bayan aji za ta iya tsare mana irin tumatir da iyayenmu suka bar mana, tun bai ɓace ba. A karanta a hankali, sashe bayan sashe. A ƙarshe akwai tambayoyi da lissafi, domin a tattauna su a cibiyar karatu.

1. Baƙon da ya zama ɗan gari

Tumatir ba ɗan asalin ƙasarmu ba ne. Asalinsa daga Amurka ta Kudu ne, wajen ƙasashen Feru da Ekwado. A can yana fitowa a daji, da ƴaƴa ƙanana kamar magarya. Mutanen Meksiko ne suka mayar da shi abin nomawa, kuma daga harshensu aka samo sunan da duniya take kiran shi da shi. Sifaniyawa suka ƙetara teku da shi zuwa Turai bayan shekarar 1500. A 1544 wani masanin tsirrai na ƙasar Italiya ya rubuta bayaninsa. Daga can ya yi ta bazuwa, har ya iso tukwanenmu, ya tarar da kuka da kuɓewa da yakuwa, ya zauna tare da su.

A ƙasar Adar, noman rani ya ƙara ƙarfi bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a da su koma ga garake. A wannan shekara ce kuma aka fara babban aikin raya karkara na Keita, da taimakon Italiya da hukumar FAO, aka tare ruwa a kwaruruwa da dama. Ana noman tumatir a kwarin Tadis kusa da birnin Tawa, da bakin tabkin Tabalak, da kwaruruwan Keita da Tamaske, da Dogarawa can kudu. Wanda ba a sayar ɗanye ba, a yanka shi a shanya, ya zama kauɗa, a yi ta miya da shi har damina.

2. Mene ne irin gado?

Irin tumatir da muke shukawa kashi uku ne.

Na farko shi ne irin gida. Shi ne wanda mai garka yake cirewa daga tumatirinsa kowace shekara, ya ƙulle a tsumma, ya shuka baɗi. Uba ya ba ɗa, maƙwabci ya ba maƙwabci. Shi muke kira irin gado. Wani mai faɗi ne da tsaga-tsaga, wani ƙarami ne mai tsami, wani mai ruwa ne da yawa. Shekara da shekaru ana zaɓen shi a ƙasa ɗaya, saboda haka ya saba da ƙasar da ruwanta da iskarta.

Na biyu shi ne irin kanti wanda ba na haɗi ba, kamar Roma, mai tsawo da tsoka, ko Marmande, tsohon iri na Faransa, ko Xina na Senegal, mai jure zafi. Daga Xina ne masana na cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, suka zaɓo wanda ake kira Icrixina. Shi ma wannan kashi ana iya cire irinsa a sake shukawa, ya fito kamar uwarsa.

Na uku shi ne irin haɗi. Ana gane shi da alamar F1 a jikin takarda ko gwangwani, kamar Mongal F1. Masana ne suke haɗa iri biyu su fitar da shi. Yana ba da amfani mai yawa, kuma wasu suna jure cuta. Amma in aka cire irinsa aka shuka, ƴaƴan ba za su yi kama da uwar ba: wani dogo, wani gajere, wani ba ya haihuwa sosai. Dole a sayi sabo kowace shekara.

Ba mu ce a bar irin kanti ba. Mai noma don kasuwa yana bukatar tumatir mai tauri da zai jure tafiyar mota. Abin da muke tsoro shi ne na gida ya ƙare gaba ɗaya. Irin tumatir yana rayuwa kimanin shekara 4 in an adana shi da kyau, daga nan ƙarfinsa ya riƙa raguwa. To, in tsoho ya daina shuka nasa, samari kuma sun tafi ci-rani Abijan ko Najeriya ko Libiya a daidai lokacin garka, wa zai karɓi ƙullin? Irin da ya mutu a tsumma ba a sayo shi a kowace kasuwa.

Mu dubi albasar Galmi. Manoman wannan jiha tamu ne suka yi ta zaɓen ta, kaka da kakanni, kafin masana su ɗauke ta su ƙara tace ta. Yau ana shuka ta a ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma da sunan garinmu. Da sun yar da irinsu, da ba a san Galmi ba. Manyan ƙasashe ma sun san darajar tsohon iri. A 2008 aka buɗe wani babban rumbu cikin dutse a Svalbard, arewacin ƙasar Norwe, inda ake ajiye irin shuka na duniya cikin sanyi. Hausawa sun riga sun faɗa: da tsohuwar zuma ake magani.

3. Don me makaranta?

Dalili na farko shi ne lokaci. Ana buɗe makarantu a watan Oktoba, daidai lokacin da ake yafa irin tumatir. Ana tsinka daga Janairu zuwa Maris, yara suna nan. Tumatir yana son sanyin hunturu. In zafi ya wuce digiri 35, furensa yakan zube, bai ɗaura ƴaƴa ba. Ke nan shekarar karatu da shekarar tumatir tafiyarsu ɗaya.

Dalili na biyu, garka a makaranta ba baƙon abu ba ce. Tun ƙarshen shekarun 1980 tsarin karatun firamare na Nijar ya tanadi ayyukan hannu da ake kira APP, kuma aikin garka yana cikinsu. A 2004, a nan jihar Tawa aka fara wani shiri da taimakon hukumar JICA ta ƙasar Japan, wanda ya sa iyaye suka riƙa zaɓen kwamitin kula da makaranta ta hanyar ƙuri'a, suna tsara ayyukan shekara da kansu. A 2007 aka yaɗa wannan tsari a ƙasa baki ɗaya. Saboda haka iyaye suna da bakin magana, kuma za su iya sa garka cikin ayyukan makarantarsu.

Dalili na uku, makaranta ba ta tafiya ci-rani. Kowace shekara manya suna fita, ƙanana suna shigowa. In iri ya shiga hannun makaranta, ya sami magada da ba su ƙarewa. Kuma yaro yana koyon awo da lissafi da rubutu a bakin fangali, ba a allo kaɗai ba.

4. Tattara iri

Aikin farko a watan Oktoba shi ne neman iri. Malam ya aiki yara gida-gida, su gai da tsofaffin masu garka da ladabi, su ce: «Baba, Malam ya aiko mu, ko za a sam mana irin tumatir na gida?» Kada a manta da iyaye mata, domin da yawansu suna da ƙulli a ɗaka. Ba a bukatar mai yawa. Giram 1 yana ɗauke da ƙwaya kimanin 300.

Kowane ƙulli a rubuta masa abubuwa huɗu: sunan da ake kiran irin, garin da ya fito, wanda ya ba da shi, da shekarar da aka cire shi. A nan ne mu da muka koyi karatu za mu taimaka. A sami littafi guda, a sa masa suna Littafin Iri, a ajiye shi a makaranta.

Kafin a shuka, a gwada. A jera ƙwaya 10 a kan jiƙaƙƙen tsumma, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana 7 a ƙirga. In 7 ko fiye sun tsira, irin yana da rai sosai. In 3 ne kawai, irin ya kusa mutuwa: a shuka shi bana, kada a jira baɗi.

5. Aikin garka

Shinge. Shi ne gaba da kome. Akuya ɗaya tana cinye aikin wata uku kafin a tashi daga aji. A yi darni na kara ko na ƙaya, da ƙofa mai rufuwa.

Reno. A gyara ɗan wuri mai laushi, a zuba ruɓaɓɓen taki. A ja layuka, a yafa iri, zurfinsa kada ya wuce santimita 1. Kowane iri da layinsa da allon sunansa. A rufe da ciyawa busasshiya, a ba da ruwa safe da marece. Cikin kwana 5 zuwa 8 zai tsiro, sai a ɗauke ciyawar.

Fangali. A yi shi mita 5 a tsawo, mita 1 a faɗi. A zuba masa ruɓaɓɓen taki kilo 10 zuwa 15, a gauraya da ƙasa. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa. Kada a sa tumatir inda aka cire tumatir ko gauta ko tattasai ko barkono ko dankalin turawa, domin dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Inda aka cire albasa ya fi.

Dashe. Bayan kwana 25 zuwa 30, in tsiro ya yi ganye 4 ko 5, a dasa shi da marece. Layi 2 a fangali, santimita 60 tsakanin layi da layi, santimita 50 tsakanin gindi da gindi. Fangali ɗaya zai ɗauki gindi 20. Iri ɗaya, fangali ɗaya.

Tazara. Furen tumatir yakan wadatu da kansa, amma ƙwari sukan kai garin fure daga wannan gindi zuwa wancan. Domin kada iri ya gauraya, a bar mita 5 ko fiye tsakanin iri da iri. A cike tsakanin da karas ko salati ko albasa.

Ban ruwa. Fangali irin wannan yana shan kimanin lita 30 a yini, wato arozuwar 3 mai lita 10. A zuba a gindi, ba a kan ganye ba. A ba da shi kullum daidai. In yau ƙishirwa gobe ambaliya, ƴaƴan sukan tsage, ko gindinsu ya yi baƙi. A shimfiɗa ciyawa ko kara a fangali domin laima ta daɗe. A kafa wa kowane gindi sanda, a ɗaure shi, kada ƴaƴa su kwanta a ƙasa.

Tsinka. Wata 2 zuwa 2 da rabi bayan dashe, ƴaƴan fari za su fara nuna.

6. Maƙiyan tumatir

Akwai wata ƙaramar tsutsa da masana suke kira Tuta absoluta. Daga Amurka ta Kudu ta fito. An gan ta a Sifen a 2006, ta bazu zuwa Afirka. A 2016 ta yi mummunar ɓarna a gonakin Kano da Kaduna, kuma ta shigo garaken Nijar. Tana shiga cikin ganye ta ci shi ta ciki, sai a ga farin tabo kamar an kankare, sa'an nan ta huda ƴaƴa. Akwai kuma farin ƙuda, ɗan ƙarami, mai kawo cutar da ke nannaɗe ganye.

Idon yaro yana da kaifi. Kowace safiya yara su duba bayan ganye. Ganyen da ya kamu a tsinke shi, a ƙone ko a binne. Gindin da ganyensa ya nannaɗe ya tsumbure, a tumɓuke shi.

Maganin da ya dace da makaranta shi ne na ƴaƴan bedi, wato dogon yaro. A daka busassun ƴaƴa rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10, a bari ya kwana. A tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa da marece, sau ɗaya a mako. Maganin ƙwari na kanti kuwa guba ne. Kada yaro ya taɓa shi, kada a ajiye shi a aji. In ɓarna ta fi ƙarfinmu, a kira malamin gona.

7. Ranar ɗanɗano

Wannan ita ce babbar rana ta garka. A sa ta cikin watan Fabrairu, lokacin da kowane iri ya nuna. A gayyaci iyaye da waɗanda suka ba da iri.

Da farko kowa ya wanke hannu da sabulu. A wanke tumatir da ruwa mai tsabta, irin wanda muke sha. A yanka kowane iri a faifai dabam, a sa masa lamba maimakon suna, domin kada yaro ya zaɓi na kakansa don son kai. Yaro ya ɗanɗana na farko, ya kurkure baki, sa'an nan ya wuce ga na biyu.

Malam ya ja layuka a allo, a rubuta amsar waɗannan tambayoyi: Wanne ya fi zaƙi? Wanne ya fi tsami? Wanne ya fi tsoka? Wanne ya fi ruwa? Wanne ne mai kaurin fata? Bayan haka a ba kowane yaro tsakuwa ɗaya, ya ajiye gaban faifan da ya fi so. A ƙirga, a rubuta.

Iyaye mata su ma suna da hukunci. Su yi miya iri ɗaya a tukwane dabam, kowace tukunya da nata tumatir, a ga wanne ya fi ja da kauri. A kuma shanya kaɗan daga kowane iri a kan tabarma mai tsabta, bisa rumfa, ba a ƙasa ba, domin a ga wanne ya fi yin kauɗa. Kilo 10 na ɗanye ba ya cika kilo 1 in ya bushe, kuma mai tsoka ya fi mai ruwa auki.

A nan za mu ga abin mamaki. Wanda ya fi daɗi ɗanye, wani lokaci ba shi ne ya fi kyau a miya ba. Wanda ya fi kyau a miya, wani lokaci ba shi ne ya fi jure tsutsa ba. Kowane iri da baiwarsa. Don haka ko wanda bai sami tsakuwa ko ɗaya ba, kada a yar da irinsa.

8. Amfaninsa ga jiki

Tumatir yawancinsa ruwa ne, amma yana ɗauke da bitamin C. Wannan bitamin yana ƙarfafa dasashi, yana taimakon rauni ya warke, kuma yana taimakon jiki ya amfana da sinadarin ƙarfe da ke cikin hatsi da wake, wanda shi ne ke gina jini. Dahuwa mai tsawo da shanya a rana suna rage bitamin C. Shi ya sa yake da kyau yaro ya riƙa cin nunanne ɗanye, wankakke, ko a yanka masa a kan shinkafa da wake ko cikin kwaɗon zogale.

Tumatir yana da ɗan abin da jiki yake mayarwa bitamin A, mai tsare ido daga dundumi. Amma karas da zogale da kabewa sun fi shi. Saboda haka a ba su wuri a garka. Ganyen tumatir da karansa kuwa ba abinci ba ne, a gargaɗi yara. Kuma mu tuna: tumatirin da ba a wanke ba yana iya kawo zawo.

9. Cire iri da ajiya

Tun kafin ranar ɗanɗano, a zaɓi gindi 5 ko fiye a kowane fangali, masu lafiya, masu ƴaƴa da yawa, waɗanda suka yi kama da irin sosai. A ɗaura masu ƙyalle. Kada a ɗauki iri daga gindi ɗaya tak, kuma kada a ɗauka daga ragowar ƙarshen kaka. Mai kyau ake ajiyewa, ba abin da ya rage ba.

A bar ƴaƴan su nuna sarai. A yanka, a matse ƙwaya da ruwanta cikin kwalba ko roba. A rufe da tsumma, a ajiye a inuwa kwana 2, in ana sanyi sosai kwana 3. Zai yi tsami, ya yi kumfa. Wannan tsami ne yake cire yauƙin da ke jikin ƙwaya, yana kuma rage wasu cututtuka. Sai a zuba ruwa a motsa. Ƙwaya mai kyau za ta nutse, maras kyau za ta taso. A tsiyaye, a sake wankewa har ruwan ya yi fari.

A baza a kan tsumma, a shanya a inuwa mai iska, ba cikin rana ba, har kwana 7. In ta bushe ƙayau, a zuba a takarda, a rubuta suna da shekara. A sa takardar cikin kwalba mai murfi tare da ɗan busasshen toka, a ajiye a wuri mai sanyi da duhu.

Sa'an nan a raba irin kashi uku. Kashi ɗaya na makaranta. Kashi ɗaya a mayar wa wanda ya ba da shi, tare da godiya. Kashi ɗaya a ba yara su kai gida, ko a yi musaya da wata makaranta, ta Kalfu ta ba ta Barmu, ta Barmu ta ba ta Tabalak. Irin da yake hannu uku ba ya ɓacewa dare ɗaya.

10. Namu aikin, mu iyaye

Garkar makaranta takan mutu ne saboda abu uku: rashin shinge, rashin ruwa, da hutu. Hutun ƙarshen Disamba yana zuwa daidai lokacin da tumatir yake fure. Kwana uku ba ruwa, an yi hasarar shekara. Malam shi kaɗai ba zai iya ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kwamitin makaranta ya rubuta sunayen gidajen da za su karɓi ban ruwa, kowane gida da ranarsa. Yaro ƙarami kada a bar shi ya ja ruwa a rijiya shi kaɗai. Inda ruwa yake da wuya, a fara da fangali 2 kawai. Kaɗan mai rai ya fi mai yawa matacce.

Abin da za mu riƙe

Irin gado yana rayuwa ne in ana shuka shi.
Irin da ke da alamar F1 ba a ajiye shi don baɗi.
Iri ɗaya, fangali ɗaya, suna ɗaya a rubuce.
A wanke hannu, a wanke tumatir, kafin a ci.
Daga gindi mai lafiya ake cire iri.

Tambayoyi

1. Irin tumatir na gida nawa muka sani a garinmu? Mu rubuta sunayensu.
2. Su wa suke riƙe da su har yanzu?
3. Don me ake barin ƙwaya ta yi tsami kafin a wanke ta?
4. Wane aiki cibiyarmu za ta ɗauka a garkar makarantar garinmu bana?

Lissafi

1. Fangali ɗaya yana ɗaukar gindi 20. Gindi nawa fangali 4 za su ɗauka?
2. Fangali ɗaya yana shan lita 30 a yini. Lita nawa fangali 4 za su sha cikin kwana 7?
3. An jiƙa ƙwaya 10, sai 8 suka tsira. In aka yafa ƙwaya 100, tsiro nawa muke sa rai?

Wanda ya karanta wannan darasi, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Wanda yake da ƙullin iri a ɗaka, ya kai shi makaranta kafin Oktoba ta wuce. Allah ya ba mu rani mai albarka.